Gida a Dutse: Wa Zai Iya Mallaka, Kuma da Wane Kuɗi?

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Dutse ta kwana tana hedikwatar ƙaramar hukuma, ta wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikatan da aka rabo daga Kano suka iso da takardun kama aiki a hannu, amma babu ɗakin kwana. Wasu suka raɓa a gidajen 'yan'uwa, wasu suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki ɗaya su uku ko huɗu, da yawa kuma suka bar iyali a Kano suna jeka-ka-dawo. Sama da shekara 30 ke nan. Yau Dutse tana da sakatariya, da tituna masu hannu biyu, da jami'a, da filin jirgin sama. Amma malamin firamare, da ma'aikaciyar jinya, da mai ɗinki a kasuwa, har gobe tambayarsu ɗaya ce: yaushe za mu bar gidan haya?

Yadda garin ya cika

Cunkoson Dutse yana da tarihi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, an rarraba ma'aikatu zuwa garuruwa irin su Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, abin da ya rage wa babban birnin nauyi. Da Sule Lamido ya hau a 2007 sai ya dawo da su Dutse, ma'aikata suka dawo da iyalansu. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, dubban ɗalibai da malamai suka shigo suna neman ɗaki. A 2014 aka buɗe filin jirgin sama. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara masa reshe zuwa Dutse. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne ga garin, kuma kowannensu ya ɗaga farashin fili da kuɗin haya.

Gwamnatocin jihar ba su naɗe hannu ba. Sunayen unguwannin Dutse ma shaida ne: Gida Dubu, rukunin gidaje 744, Takur, Fatara, Danmasara. Akwai Hukumar Gidaje ta Jiha, akwai Hukumar Raya Babban Birnin Dutse, akwai bankin ba da lamunin gida na Jigawa Savings and Loans. Gwamnatin Malam Umar Namadi, wadda ta hau a 2023, ta ɗauki aikin gina gidaje 1,500 a Dutse da wasu manyan garuruwan jihar. Wannan ƙoƙari ne da ya cancanci yabo. Sai dai ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum sama da miliyan 4.3, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. Ko da kowace gwamnati za ta gina gida dubu biyu, ba za ta cim ma yawan auren da ake ɗaurawa a shekara ɗaya a masarautar Dutse kaɗai ba. Saboda haka lissafin bai tsaya kan gida nawa aka gina ba. Abin dubawa shi ne wa ya shiga, nawa yake biya, kuma me ya rage masa na cefane.

Aljihun mai shiga ne ma'auni

A fagen tsara manufofin gidaje akwai ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya: kada abin da iyali ke kashewa a kan muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu. Ma'aunin ya samo asali ne daga Amurka, inda a 1969 aka ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25 na samun mai haya, sannan aka ɗaga zuwa kashi 30 a 1981. Hikimar a fili take. Idan haya ta cinye rabin albashi, abinci da magani da kuɗin makaranta ne za su biya diyya.

Mu ɗora wannan ma'auni a kan ma'aikacin Jigawa. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Kashi 30 na wannan kuɗi naira 21,000 ke nan a wata. Idan ya samu lamunin gwamnatin tarayya mai kuɗin ruwa kashi 6 da za a biya cikin shekara 30, kowace naira miliyan ɗaya za ta ci masa kusan naira 6,000 a wata. Iyakar abin da zai iya ɗauka naira miliyan uku da rabi. Idan kuwa bankin kasuwanci ya nufa, inda kuɗin ruwa ya kai kashi 25 ko fiye lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'auninsa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, naira 21,000 ɗin nan miliyan ɗaya kacal za ta ɗauke masa, ko da an ba shi shekara 20.

Miliyan ɗaya kuwa a yau ba ta kai gini linta. Buhun simintin da ake saye naira dubu huɗu da 'yan kai a farkon 2023 ya haura dubu goma a wurare da dama a farkon 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira. Rodi, kwano, katako da kuɗin tifar yashi duk sun bi sahu. Don haka gidan da aka kira mai sauƙin kuɗi aka sa masa naira miliyan takwas ko goma, ga darakta da babban ɗan kasuwa yana da sauƙi. Ga mai gadi da masinja kuwa, sai dai kallo daga bakin titi. Kuma a tuna, a ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, sama da kashi 80 na mutanen Jigawa suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya haɗa da rashin ingantaccen muhalli. Mai albashin dubu saba'in ma yana cikin masu dama-dama.

Ina kuɗin ginin yake?

Gida abu ne da ake ginawa yau a biya shi cikin shekaru masu yawa. Bankin kasuwanci kuwa kuɗin ajiyar mutane yake juyawa, wanda mai shi zai iya zuwa gobe ya ce a ba shi. Shi ya sa ƙasashe ke kafa hukumomi na musamman da za su tara kuɗi mai dogon zango. A Najeriya wannan aiki yana hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda ya samu sunansa na yanzu a 1977, da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da doka a 1992. Tsarin shi ne a cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci kowane wata. Bayan ya yi wata shida yana zubi, yana da damar neman lamuni. Idan bai nema ba har ya yi ritaya, a mayar masa da kuɗinsa. A 2013 an ƙara da kamfanin da ke sake zuba wa bankunan gidaje kuɗi, tare da rancen dala miliyan 300 daga Bankin Duniya. A watan Fabrairun 2024 kuma gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar da shirinta na sababbin rukunin gidaje a Karsana da ke Abuja, ƙarƙashin ministan gidaje Ahmed Musa Dangiwa.

Duk waɗannan ƙofofi mabuɗinsu iri ɗaya ne: takardar albashi da takardar mallakar fili. Manomin riɗi a Kiyawa ba shi da ta farko. Mai sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin yana iya juya kuɗin da ya fi albashin babban sakatare, amma ba shi da shaidar da banki ke karɓa. Mai kabu-kabu, da maƙeri, da matar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida, duk suna waje. Su ne kuma mafi yawan jama'a.

Ta yaya suke samun gida? Da sannu. A yi adashi a sayi fuloti. Bayan kaka a sayar da amfanin gona a buga bulo ɗari biyar. Baɗi a sayar da sa a ɗaga gini. A rufa ɗaki ɗaya a tare, sauran a bari sai Allah ya hore. Ma'aikaci kuma ya jira giratuti. Kangayen da ke gefen Dutse, masu ciyawa a tsakar ɗaki, ba alamar sakaci ba ne, asusun ajiyar talaka ne. Wannan hanya ita ta gina mafi yawan gidajen Jigawa, amma tana da tsada ta ɓoye: mutum yana biyan haya yana gini lokaci guda, damina tana cin abin da ya ɗora, farashin siminti yana gudu yana barinsa a baya. Lamuni ƙarami na naira dubu ɗari biyar zuwa miliyan ɗaya, wanda za a biya cikin shekara biyu ko uku a kuma sake karɓar wani, shi ya dace da irin wannan gini. Idan an ba da shi ta hannun ƙungiyoyin gama-kai na 'yan kasuwa da manoma, su da kansu za su tsaya wa junansu.

Batun riba

Akwai wani shinge da masu tsara manufa a Abuja ba su cika ba shi muhimmanci ba. Mutanen Jigawa da yawa ba za su taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba, ko da kashi ɗaya ne, domin riba haramun ce a addininsu. Ma'aikaci zai gwammace ya mutu a gidan haya da ya kwana a ɗakin da yake shakkar halaccinsa. Wannan matsayi abin girmamawa ne, kuma fiƙihu ya tanadi mafita tun tuni. Akwai murabaha, inda banki zai sayi gida ko kayan gini ya sayar wa mutum da ribar ciniki sananniya, a biya kashi-kashi. Akwai ijara mai ƙarewa da mallaka, wato mutum yana biyan haya har gidan ya zama nasa. Akwai kuma tarayya mai raguwa, inda banki da mai gida suke haɗa hannun jari, shi kuma yana sayen kason bankin sannu a hankali.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Jihar Osun ta tara kuɗin gina makarantu da sukuk, wato takardun zuba jari marasa riba, a 2013, gwamnatin tarayya kuma ta fara nata na naira biliyan 100 a 2017 don tituna. Jigawa tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi: tsarin fansho na karo-karo da ya daɗe yana aiki, har wasu jihohi suna zuwa koyo. Kuɗin fansho kuɗi ne mai dogon zango. Amanar tsofaffi ne, ba a wasa da shi, amma ana iya saka wani ɗan kaso a cikin sukuk na gidaje mai garantin gwamnati, wanda za a riƙa cire biyansa kai tsaye daga albashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Fili da takarda

Kafin siminti akwai ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A birni shi ke ba da takardar shaidar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izini irin na gargajiya. Sayarwa ko jinginar da fili mai takarda sai da amincewar gwamna. Ma'aikatar gidaje ta tarayya da kanta ta sha faɗin cewa filayen da ke da rajista a Najeriya ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

A gefen Dutse abin da ke faruwa sananne ne. Mai gona ya ga gari ya matso, sai ya kira dillali, a yanka gonar fuloti-fuloti, abin da ake kira awon igiya. Mai saye ya karɓi takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Farashin ya fi na awon gwamnati sauƙi, shi ya sa talaka ke zuwa nan. Amma ba a bar hanyar mota ba, ba a bar magudanar ruwa ba, ba filin makaranta, ba na maƙabarta. Bayan shekara goma unguwa ta cika, sannan a fara kiran gwamnati ta kawo titi, titin kuma ba zai wuce ba sai an rushe gidaje. Takardar mai unguwa tana da daraja a wurin jama'a, amma banki ba ya karɓarta jingina.

Shi ma manomi yana da nasa kuka. Idan gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, doka ta ce diyyar abin da ke kan ƙasar za a biya, wato gini da bishiyoyi da amfanin gona, ba darajar ƙasar kanta ba. Mutumin da ya gaji gona kaka da kakanni zai karɓi abin da ba zai saya masa fuloti ɗaya a cikin tsohuwar gonarsa ba. Wannan tsoro ne ke sa mutane gaggawar yanka gonakinsu kafin awon gwamnati ya iso. Idan aka tabbatar wa mai gona da kaso mai tsoka na fulotan da aka fitar daga gonarsa, da takardunsu, shi da kansa zai nemi a zo a auna.

Akwai tsarin da ya dace da wannan yanayi, kuma an gwada shi a yankinmu na Sahel. A 1972 Bankin Duniya ya tallafa wa Senegal ta fitar da dubban fulotai a gefen Dakar, aka shimfiɗa hanyoyi, aka kai ruwa, aka bar kowa ya gina daidai ƙarfinsa. Wurin yau babbar unguwa ce a birnin. Kuɗin da zai gina gida ɗaya ya miƙa wa mutum ɗaya mabuɗi, zai iya gyara fulotai da yawa ya ba iyalai masu yawa mafari.

Adalci wajen samun muhalli

Samar da gida daban, adalci wajen samunsa daban. Amurka ta kafa dokar hana wariya a harkar gidaje a watan Afrilun 1968, kwanaki kaɗan bayan kisan Martin Luther King, saboda ana hana baƙaƙen fata haya da saye a wasu unguwanni. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko asali a sashe na 42, ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida a ko'ina a sashe na 43, sashe na 16 kuma ya ɗora wa gwamnati burin samar wa kowa matsuguni.

Tamu wariyar ba ta launin fata ba ce, amma tana nan. Bazawara mai 'ya'ya ta je neman haya, a ce sai ta kawo namiji. Mai iyali da yawa a ce yaransa za su lalata gida. Baƙo a tambaye shi garinsu kafin a faɗa masa farashi. Kowa kuma a ce ya kawo kuɗin shekara guda a dunƙule da la'adar dillali, alhali albashi wata-wata yake zuwa. Gurgu ya sami gidan da keken guragu ba ya shiga ƙofarsa, duk da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Jigawa ce ta fara ba naƙasassu alawus na wata-wata tun 2007. Jihar da ta yi wannan ba zai gagare ta ware musu kaso a kowane rukunin gidaje ba.

Mata suna da nasu ƙarin nauyi. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta a gidan mahaifinta, ta ba matar mamaci tumuninta, ta kuma hana a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda. Amma sau nawa ake barin gida ba a raba ba shekara da shekaru, maza suna ciki, mata suna jin kunyar tambaya? Wannan aikin malamai ne da alƙalai da masu unguwanni. Masarautar Dutse ta yi suna wajen tattara zakka. Ana iya ɗora wakafin gidaje a kan wannan tushe, masu hali su gina ɗakuna su tsayar don marayu da matan da mazansu suka rasu.

Sai rabon gidajen gwamnati. Duk inda aka sayar da abu ƙasa da farashin kasuwa, masu hanya ne ke fara jin labari. Idan babba ya karɓi gida uku da sunaye daban-daban ya zuba 'yan haya, tallafin da aka yi don talaka ya koma aljihun mai shi. Maganin wannan ba ya buƙatar ko sisi: a buga sharuɗɗa a fili, a fifita wanda bai da gida, a yi ƙuri'a a bainar jama'a, a liƙa sunayen waɗanda suka samu, a kuma hana sayarwa ko ba da haya na wasu shekaru.

Ruwa da ginin ƙasa

A ƙauyukan Jahun, Miga, Buji da Kiyawa matsalar ba ta haya ba ce. Kusan kowa yana da gidansa, amma damina ce ke karɓar nata. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 100 a Jigawa, ta rushe dubban gidaje, kuma da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗa musu cikin dare. A 2024 ma an sake gani. Gidan da za a sake ginawa duk bayan shekara uku ya fi kowane gida tsada.

Laifin ba na ginin ƙasa ba ne. Magabata sun gina fadar Garu a Dutse da tubali da azara, ga ta nan tsaye. A Jamhuriyar Nijar masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Yamai an gina gidajen zamani da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ta daɗe tana koyar da irin wannan bulo mai ɗan siminti kaɗan. Abin da ke kayar da ginin ƙasa shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsa da wanda ke zuba a kansa. Dutse kuwa Allah ya hore mata duwatsu. Harsashi na dutse da ya ɗaga sama da ƙasa, bango na bulon ƙasa, rufi mai baki da ke jefa ruwa nesa, da magudana a bakin ƙofa: wannan gida ya fi na bulon siminti sanyi a watan Afrilu, kuma kuɗinsa a hannun magina da leburorin gari zai tsaya. Mutane suna gudunsa ne don suna ganin alamar talauci ce. Ranar da gwamnati ta gina ajujuwa da gidajen ma'aikata da shi, wannan kallo zai sauya.

Abin da ake jira

Gwamnati ta ci gaba da gina gidaje, domin ana buƙatarsu. Amma kaso mafi girma na kuɗin ya kamata ya tafi inda jama'a suke: fulotai masu hanya da ruwa da magudana, takardar mallaka mai araha da ke fitowa cikin makonni, lamuni marar riba da ya kai ga mai sana'ar hannu, da rabo a bainar jama'a. Majalisar dokokin jiha ta duba dokar haya, ta sauƙaƙa biyan wata-wata, ta hana korar mutum saboda jinsinsa ko asalinsa. Masu gidajen haya su ji tsoron Allah a kan zawarawa da marayu. Mai niyyar sayen fuloti kuma, kafin ya miƙa wa dillali kuɗi, ya je ma'aikatar ƙasa ya bincika, ya kuma je wurin da damina ya ga inda ruwa ke bi. Dutse tana da sauran fili a gefenta, kuma gyara shi tun yana gona ya fi rushe shi bayan ya zama unguwa sauƙi.